Na Yi Gudu a Hanyar Dutsen Obudu: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Gwada

Shekarata 19 ke nan a Legas, kuma a duk tsawon wannan lokaci in ka ji na ce zan tafi hutu, to gida nake nufi. Mu hau mota a Agege, mu kwana a hanya, a sauka a sha gaisuwa da ta'aziyya da biki, a rarraba 'yan kuɗin da aka tara, a dawo da gajiyar da ta fi wadda aka tafi da ita. Ban raina wannan ba, zumunci ne. Amma a Disambar da ta wuce na saɓa. Na kwashi uwargida da yara uku muka nufi Obudu a Jihar Kuros Riba, kuma cikin abin da ya kai ni har da niyyar in hau dutsen nan da gudu. Tun da na dawo mutane ke tare ni da tambaya a kasuwa da ƙofar masallaci, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya samu.

Ni ba ɗan wasa ba ne. Shekara uku da suka wuce likita ya ce ina da hawan jini, kuma a lokacin ba a yi wata shida da rasuwar yayana ba, wanda ɓarin jikinsa ya shanye yana da shekara 52. Tsoro ya sa na fara tattaki bayan sallar asuba, tattaki ya koma sassarfa, sassarfa ta koma gudu. Na sha tsiya a unguwa. Mai shayinmu in ya hango ni sai ya ɗaga murya, "Alhaji lafiya? Wa ya biyo ka?" A haka dai har na shiga rukunin kilomita 10 na gasar gudun fanfalaki ta Legas, na gama cikin awa ɗaya da minti biyar, aka rataya mini lamba a wuya. Daga nan na fara jin kaina. Wannan jin kan shi na ɗauka na tafi da shi Obudu, can kuma na baro shi.

Bari in fara da bambancin, domin mu duk gudu mai nisa gudun ya-da-ƙanin-wani muke ce masa. Cikakken fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195, yawanci a kan kwalta, irin wanda ake yi a Legas tun 2016, galibi a watan Fabrairu. Akwai kuma gudun daji, inda ake barin kwalta a bi hanyar ƙafa, burtali, tsakuwa, ciyawa, a tsallake rafi. Sai gudun hawan dutse, wanda ba tsawonsa ake fara tambaya ba, tudunsa ake tambaya. A ƙasashe da dama mutane kan shirya hutunsu na shekara kacokan a kan irin waɗannan biyun na ƙarshe. A Kenya tun shekarar 2000 ake yin wani a gandun dajin Lewa, mutum na gudu yana hango raƙumin dawa da jakin dawa. A China akwai wanda ake bi ta kan babbar ganuwar nan tasu, a taka matakala fiye da 5,000. Mutum ya je da iyalinsa, ya yi gudunsa rana ɗaya, sauran kwanakin a yi yawon buɗe ido. Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne muna da irin wannan wuri a nan Kudu, ba biza ba fasfo.

Wurin da ake ce wa Obudu Ranch yana ƙaramar hukumar Obanliku ne, a arewacin Kuros Riba, dab da iyakar Kamaru. Ba a cikin garin Obudu yake ba, daga garin sai ka ƙara tafiya a mota kafin ka isa gindin dutsen. Samansa ya kai kusan mita 1,600 sama da teku. Turawa ne suka kafa gonar shanu a can a 1951, saboda sanyin wurin da ciyawarsa da kuma rashin ƙudan tsando. Mutanen da ke zaune a kan tudun Becheve ne. A zamanin Gwamna Donald Duke aka gyara wurin ya zama na yawon buɗe ido sosai, aka kafa ƙananan motocin nan masu rataye a igiyar ƙarfe da ke ɗaukar mutane daga ƙasa zuwa sama, tafiyar kusan kilomita 4.

A 2005 aka fara gasar gudun hawan dutsen ta ƙasa da ƙasa, ana yin ta wajajen ƙarshen Nuwamba. Tsawon hanyar kilomita 11 ne da 'yan kai, daga gindi zuwa sama, hawan da ke ciki kuma kusan mita 800. Kyautar na ɗaya dala 50,000 ce, kuɗin da a lokacin ba wata gasar hawan dutse a duniya da ke ba da kamarsa, shi ya sa manyan 'yan gudu suka riƙa tururuwa. Wani ɗan Ostireliya ne ya ci ta farko, daga baya 'yan Habasha da Kenya suka mamaye ta. Abebe Dinkesa na Habasha ya lashe ta fiye da sau ɗaya. Gasar ta yi shiru a shekarun baya, amma hanyar tana nan, kuma ba mai hana ka bin ta da ƙafarka. Abin da na yi ke nan.

Mita 800 ba ya shiga kai sai an kwatanta. Mutanen Legas, ku ɗauki gadar Third Mainland, tsawonta kusan ɗaya ne da wannan hanya. To ku ɗaga bakinta ɗaya sama. Mutanen Sabo a Ibadan kuma ku dubi Cocoa House, ku ɗora irinsa kusan takwas, wani kan wani. Wannan shi ne tudun. In ka raba, a kowace mita 100 da ka yi gaba ka hau kusan mita 7. A baki kamar ba komai. Matsalar ita ce ba ya ƙarewa. A titin Legas in ka hau gada ka san za ka gangara, ƙafa ta huta. A nan hawa ne ke miƙa ka ga hawa, ga kwana fiye da 20 suna naɗe da jikin dutsen, har da wata da suke wa laƙabi da gwiwar hannun shaiɗan. Gwanayen gasar kan gama cikin minti 40 da ɗoriya. Ku riƙe wannan lissafi, za mu zo kan nawa.

Sai maganar iska. Duk sanda ka yi sama, iska na ƙara sirancewa. A tsayin Obudu, iskar oksijin da ke shiga ƙirjinka a kowane numfashi ta ragu da wajen kashi ɗaya cikin shida idan aka gwada da ta Legas, wadda ke kwance a bakin teku. Wannan tsayi bai kai ya kwantar da mai lafiya ba, in kana zaune ma ba za ka lura ba. Amma da ka fara gudu zuciya za ta ƙara bugu don ta cike giɓin. Dalilin da ya sa 'yan Habasha da Kenya ke cinye irin waɗannan gasanni ke nan, a kan tudu aka haife su, jininsu ya saba. Mu ma a Najeriya in ka duba, yawancin gwanayenmu na dogon zango 'yan Filato ne, wajajen Jos da Pankshin.

Mun isa ranar Talata da yamma bayan mun kwana a Enugu, muka biyo ta Abakaliki da Ogoja. Kuskurena na farko shi ne washegari da asuba na ce sai na yi. Kwana biyu ina naɗe a mota, ƙafa a kumbure, barcin kirki babu, amma zumuɗi ya hana ni jira. Direban da muka ɗauka haya ya gangaro da ni zuwa ƙofar da ke gindin dutsen, wadda aka yi wa siffar kan sa mai manyan ƙahoni. Muka yi da shi zai riƙa bina a baya sannu a hankali da ruwa. Uwargida ta ce ita ma sai ta shiga motar. "Maigida, in ka faɗi gara a ce ina wurin." Na yi dariya.

Kuskure na biyu, na tashi da saurin da na saba a Agege. Kilomita biyun farko ina jin daɗi, har ina ɗaga wa mota hannu. A ta uku numfashi ya fara yi mini gardama. Kafin ta huɗu ta cika ina jin bugun zuciyata a cikin kunnuwa, sharaɓa ta ɗaure kamar an zuba mata siminti, bakina ya yi ɗaci. Ga mai hawan jini wannan ba abin wasa ba ne, kuma a nan yayana ya faɗo mini a rai. Na tsaya na dafa gwiwa. Wallahi na yi niyyar shiga mota.

Ina nan duƙe sai ga wani dattijo ya ɓullo ta wata 'yar hanya a gefen titi, da buhu a ka, silifas a ƙafa. Ya dube ni, ya faɗi wata magana da turancin buroka mai nufin in yi a hankali, dutsen ba inda zai je. Ya wuce. Na bi sawunsa da ido. Takunsa gajeru ne, ba ya sauri ba ya tsayawa, jikinsa ya ɗan karkata gaba. Sai na tashi na kwaikwaye shi.

Daga baya na gane ashe abin da masu gudun dutse ke yi ke nan, ba wani sirri ba ne. Taku gajere, kai a ɗage, hannu na taimakon ƙafa. Inda tudu ya yi tsanani a koma tafiya mai ƙarfi, a dafa cinya in ta kama, inda ya ɗan kwanta a koma sassarfa. A gudun daji har gwanaye na tafiya a wasu wurare, ba abin kunya ba ne. Ma'aunin da ya fi agogo amfani shi ne bakinka: in ba za ka iya faɗin jimla guda ba tare da ka yanke ta don numfashi ba, to ka wuce ƙarfinka, rage. Na riƙa gwada kaina da yi wa direba magana ta taga. Na koma minti biyu sassarfa, minti ɗaya tafiya, a wasu kwanonin ma tafiya zalla.

A nan ne kuma na fara ganin wurin. Da ina ta kallon kwalta. Da na rage sauri sai na ga ashe kwarin da na baro yana can ƙasa, gajimare ya kwanta a cikinsa kamar an baza auduga, ni ina samansa. Tsaunuka kore shar, wani bayan wani, har inda ido ya gaza. Hanyar da na biyo tana naɗe a ƙasa kamar zaren da ya warware. Iska ta canza, zufar da ke jikina ta koma sanyi, domin duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da wajen digiri 6. Ɗan Arewa ya san sanyin hunturu, amma wannan daban ne, sanyi ne mai laima, mai ƙanshin ciyawa. Na isa sama cikin awa ɗaya da minti 52. Wato da Abebe Dinkesa muka tashi tare, da ya iso, ya yi wanka, ya karya kumallo, ya ɗan kishingiɗa kafin in ɓullo. Yara suna jirana da tafi kamar na ci dala dubu hamsin ɗin.

Da na tsaya a nan, da hutun ya tafi daidai. Amma washegari na ɗauki ɗan rakiya cikin samarin wurin, na ce ya kai ni hanyoyin ƙafa na kan tudun, in ɗanɗana gudun daji na gaskiya. Ban yi nadamar abin da na gani ba. Mun ratsa ciyawa mai raɓa har gwiwa, mun bi gefen gonaki da 'yan ƙauyuka, mun gangara wani kwari mai duhun itatuwa da ruwa mai sanyi kamar ƙanƙara, ya nuna mini duwatsun da ya ce bayansu Kamaru ce. A irin wannan hanya idonka ba ya barin ƙasa, kowane taku sai ka zaɓi inda za ka sa ƙafa, idon sawu na aikin da bai taɓa yi a kwalta ba. In kana son kallo sai ka tsaya cak ka kalla. Sau biyu santsi ya kwashe ni, saboda kambas ɗina na titi ne, ƙasansa sumul.

Abin da ya karya ni gangara ce. Kowa na tsoron hawa, amma gangara ce ke cin mutum. In kana gangarowa, naman gaban cinya ne ke zama birki, yana miƙewa yana riƙe nauyinka a lokaci guda, kuma wannan na yi masa 'yan ƙananan raunuka da ba ka ji a take. Ciwon sai bayan kwana ɗaya yake fitowa, ya kai ƙarshe a kwana na biyu zuwa na uku. Ranar Juma'a na tashi na kasa tsugunno. Matakala uku na ƙofar ɗakinmu da baya-baya na sauke su. A zaune na yi sallolin ranar. Kuma ranar ce na yi wa yara alkawarin kai su gadar igiya da aka ɗaura tsakanin dogayen itatuwa. Ƙaramar ta sha kuka. Uwargida ce ta kai su, da ta dawo ta aje mini shayi ta ce, "To ɗan tsere, mu hutu muka zo ko jinya?" Ba ni da amsa.

Don haka in za ka haɗa gudu da hutun iyali, lissafin kwanaki ne kan gaba da komai. Kada ka yi gudun washegarin isowa, ka ba jiki kwana biyu ya warware daga mota ya saba da iskar, a cikinsu ka kai yara duk inda ka yi musu alkawari. Kada kuma ka bar shi sai ranar ƙarshe, domin zaman awa goma a mota da cinyar da ta sha gangara azaba ce. Tsakiya ya fi. Gudu ɗaya mai wuya ya isa, kada ka jera biyu kamar yadda na yi. In ka hau da ƙafa, ka sauko a mota. Motar igiyar nan kuwa, ka kira ka tabbatar tana aiki kafin ka sa wa yara rai, haka ma ɗakin kwana, ka tambayi halin wuta da ruwan zafi.

Shiri kuma tun daga gida yake farawa, aƙalla wata biyu zuwa uku kafin tafiya. Mu na Legas da Fatakwal ƙasarmu shimfiɗe take, sai mu nemi tudun aro: matakalar bene, gadar tsallaka titi da sassafe kafin ta cika, a hau a sauka har sau goma ko fiye. Saukar ma horo ce, kada ka raina ta, ita ce za ta cece ka daga abin da ya same ni. Na Ibadan ba su da uzuri, ga tudun Mapo ga na Oke Are. Na Enugu suna da tudun Milliken a hanyar Ngwo. Na Akure ga Idanre kusa da su, da matakalarta fiye da 600. Wanda kuma ke son gasa ta sosai mai tudu, akwai ta Okpekpe kusa da Auchi a Jihar Edo, kilomita 10 a kan kwalta, ana yin ta tun 2013.

In ka haura shekara 40, ko kana da hawan jini, ciwon suga ko asma, ka ga likita tukuna ka gaya masa ainihin abin da za ka yi. Ni na je, ya ce in ci gaba da shan maganina yadda na saba, ya kuma ja mini kunne cewa in na ji ciwo ko nauyi a ƙirji, jiri, ko gani ya dushe, in tsaya nan take, ba jarumta. Kada ka hau kai kaɗai. Ko mota a baya, ko ɗan rakiya in daji za ka shiga, domin hazo kan rufe tudun cikin 'yan mintuna har ka kasa ganin abin da ke gabanka, kuma waya ba ko'ina take kamawa ba.

Ruwa a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Sanyin wurin na yaudara, ba ka jin ƙishi alhali kana zufa. Amma ɗura ruwa zalla babu iyaka shi ma haɗari ne, yana tsinka gishirin jini, don haka na haɗa gora ɗaya da ruwan gishiri da sukari irin na kemis. Dabino da ayaba sun ishe ni. Takalmi a samu mai ƙasa kurtsa-kurtsa, kuma ba sabo fil ba, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, in ba haka ba bororo zai fito maka tun ba a je ko'ina ba. Dogon wando marar nauyi ya fi gajere, ga sutura ga kariya daga kaifin ciyawa. A ajiye rigar sanyi a mota, domin da ka tsaya a sama da jiƙaƙƙiyar riga sai haƙora su fara haɗuwa.

Lokacin zuwa kuma, damina a can mai ƙarfi ce kuma doguwa, hanyoyin ƙafa kan koma santsi zalla. Daga Nuwamba zuwa farkon shekara ya fi. Sai dai ƙarshen Disamba baƙi kan yi yawa a jihar saboda bukukuwa, komai ya yi tsada, kuma in hunturu ya kankama ƙura na rage nisan gani. Masu tahowa daga Kalaba za su bi ta Ikom, masu gangarowa daga gida kuma ta Makurɗi da Gboko da Vandeikya. Ko ta ina ne, a yi tafiyar da rana. Mu mun yi guzurin kilishi, garin kunu da dambun nama, a garin Obudu kuma muka tsaya wajen 'yan uwa masu shayi da tsire muka ƙara abin da ya sawwaƙa, domin a saman dutse ba ka da zaɓi da yawa.

Ranar Lahadi da za mu sauko, cinya ta ɗan saki. Muna cikin mota babban ɗana, mai shekara 14, ya riƙa ƙirga kwanonin da ƙarfi, a kowace sai ya tambaye ni, "Baba, nan gudu ka yi ko tafiya?" Na riƙa gaya masa gaskiya, kuma tafiya ta fi yawa. Da muka zo inda na tsaya na dafa gwiwa, na sa direba ya rage sauri na nuna musu. Yaron ya ce in Allah ya kai mu baɗi tare za mu hau. Yanzu watanmu biyu muna fita bayan asuba, ni da shi, muna hawa muna sauka a gadar tsallaka titi ta kusa da mu. Mai shayi ya daina tambayar wa ya biyo ni, tunda ga mai bin nawa yana gani.